Ɗauki Alƙalami Ka Rubuta Wannan Lamba

Duk wanda ya taɓa aikin jarida ya san daren haɗa shafuka. Mutum ya gama nasa aikin, amma ba shi da ikon tafiya gida sai shafin farko ya wuce maɗaba'a, saboda haka sai a yi ta zaman jira, wani na gyangyaɗi, wani na kurɓar shayi, wani kuwa na latse-latsen waya. A irin wannan dare ne wani abokin aikina, mai tsananin sha'awar jiragen sama, ya miƙo mini abin saurare na kunne, ya ce, "Malam, sa wannan ka ji yadda ake yanka mutum ba da wuƙa ba."

Abin da na ji muryoyi biyu ne cikin Turanci, ɗaya ta matuƙin jirgi, ɗaya ta mai kula da zirga-zirgar jirage a wani fili na ƙasar Amurka. A can akwai masu sha'awa da ke ɗaukar irin wannan magana ta rediyo suna zuba ta a intanet. Ana cikin ba da umurni ana karɓa, sai mai kula da jiragen ya kira lambar wani jirgi, ya ce masa cikin murya mai sanyi, "Mai yiwuwa ne an kauce wa ƙa'ida. In ka shirya, ina da lambar tarho da za ka rubuta." Aka yi shiru kamar na numfashi biyu. Sa'an nan matuƙin ya ce ya shirya, aka karanta masa lambar, ya maimaita ta, kowa ya ci gaba da aikinsa. Iyakar abin ke nan. Ba tsawa, ba baƙar magana, ba gori.

Na cire abin sauraren na tambayi abokina, ina yankan yake? Ya yi dariya ya ce ai lambar nan ita ce wuƙar, babu matuƙi a Amurka da gabansa ba ya faɗuwa in ya ji an ambace ta. Daga wannan dare na shiga bin diddigin al'amarin, na shafe makonni ina karatu a kansa. Ban taɓa shiga ɗakin matuƙi ba, jirgin ma sau nawa na hau, amma abin ya kama ni ƙwarai, domin kuwa ya fama mini wani tsohon miki da zan ba mai karatu labarinsa in mun ɗan nisa.

MAI YIWUWA

Da farko ya kamata a sani, sararin samaniya ba fili ba ne da kowa ke bin inda ya ga dama. Yana da hanyoyi da mararraba, yana kuma da hawa-hawa kamar bene. Jirage biyu da ke bin hanya ɗaya akan raba su da tazarar ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa. Mai kula da zirga-zirga, ko yana bisa hasumiyar filin jirgi ko yana zaune gaban allon rada, shi ke ce wa wannan ya hau, wancan ya sauko, wancan kuma ya tsaya a bakin layi kada ya shiga titin tashi. Matuƙi kuwa yakan maimaita umurnin da bakinsa, don a tabbata abin da aka faɗa shi ya ji. To, in ya zarce tsayin da aka ba shi, ko ya juya inda ba a ce ba, ko ya kutsa sararin da aka hana shiga, ko ya tsallake layin nan ba da izini ba, shi ne ake cewa ya kauce.

In haka ta faru, aikin farko na mai kula da jirage shi ne ya gyara sararin, ya raba jiragen da suka kusanci juna, kowa ya koma gurbinsa. Sai ƙura ta lafa, aiki kuma ya yi masa sauƙi, sa'an nan ya faɗa wa matuƙin waɗannan kalmomi. Ba shi ya ƙirƙire su ba, suna rubuce a littafin aikin da hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, watau FAA, ta tsara wa ma'aikatanta. A cikinsu kalmar da ta fi kowace nauyi ita ce "mai yiwuwa". Ba a ce masa ya yi laifi ba, an ce akwai abin da ya kamata a duba. Ba a kuma tsaya ana cacar baki a rediyo ba, saboda jirage da yawa na saurare a kan layin nan ɗaya, kowa na jiran nasa umurni, shi kansa matuƙin kuma yana ɗauke da rayukan jama'a da bai sauke ba tukuna. Mutumin da aka ɓata wa rai a sama yana iya ƙara kuskure bisa kuskure.

Bayan ya sauka ya kashe inji, sai ya buga tarhon. Galibi shugaban masu aiki na wannan lokaci ne ke ɗauka, kuma akan ɗauki maganar a faifai. Zai tambaye shi sunansa da lambar lasinsa da inda za a same shi, ya gaya masa abin da suka gani daga nasu ɓangaren, ya kuma saurari nasa bayani in yana son bayarwa. Amma fa wanda ya ɗauki tarhon ba alƙali ba ne. Ba shi da ikon cin tara, ba shi da ikon karɓe lasin. Iyakarsa ya rubuta rahoto, a haɗa da faifan muryoyi da hoton rada, a aika wa wani reshe dabam na hukumar, inda sufeto mai sanin tuƙi zai zauna ya duba. Watau wanda ya gani dabam, wanda zai yanke hukunci dabam.

Faifan nan shi ne babban mashaidi. A Amurka akan ajiye shi kwana 45, ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya kuwa ta ce kada ya gaza kwana 30. Sau da yawa in an saurare shi sai a tarar matuƙin ba shi da laifi, mai ba da umurnin ne harshensa ya zame, ko kuwa matuƙin ya maimaita lamba ba daidai ba, wanda ya kamata ya gyara masa bai lura ba. Har ila yau doka ta yarje wa matuƙi ya saɓa kowace ƙa'ida in jirginsa ya shiga haɗari, muddin zai iya bayani daga baya. Wannan shi ne amfanin "mai yiwuwa".

WATA SHIDA

Wannan tsari yana da asali, har ma sunan wani mutum matuƙa ke kiransa da shi. Ran 13 ga watan Agusta na shekarar 1985, wani jirgin fasinja na kamfanin Republic ya tashi daga Shikago zuwa Miniyapolis, Kyaftin Jack Brasher ne shugabansa, mataimakinsa ke riƙe da tuƙi. Suna cikin hawa sai suka kauce wa tsayin da aka ba su da ƙafa 700, nan da nan kuma suka gyara. Babu wanda ya ce musu uffan. Suka sauka lafiya, kowa ya kama gabansa.

Sai da aka yi kusan wata shida, Kyaftin Brasher ya yi tafiya wajen 150 bayan waccan, sa'an nan takarda ta iso masa cewa hukuma na shirin ɗaukar mataki a kan lasinsa. Da aka tambaye shi abin da ya faru ran nan, ya ce shi bai tuna da tafiyar ba sam. Ina kuwa zai tuna? Mutumin da sana'arsa ke nan, yau nan gobe can, a ce ya tuna abin da ya faru cikin 'yan daƙiƙoƙi wata shida da suka wuce! Magana ta kai gaban hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar, wadda ita ce kuma ke sauraron ɗaukaka ƙarar matuƙa. A cikin 1987 ta yanke cewa, tun da FAA da kanta ta umurci ma'aikatanta su riƙa sanar da matuƙi nan take, su kuwa ba su yi ba, to ba za a hukunta shi ba. Hikimar a bayyane take: an hana mutum damar tattara hankalinsa da hujjojinsa tun abin yana ɗanye, saboda haka an hana shi kare kansa. Tun daga nan ake kiran wannan sanarwa gargaɗin Brasher.

Ran da na karanta wannan labari sai na aje wayar na yi tagumi, domin ni ma an taɓa yi mini irin ta Brasher, ni kuwa ban sami hukumar ɗaukaka ƙara ba.

Ina sabon fitowa daga makaranta da difilomata ta aikin jarida, na sami aiki a wata ƙaramar jarida da ba zan ambaci sunanta ba. Wata rana aka aike ni ɗauko rahoton kasafin kuɗin wata ƙaramar hukuma. Na rubuta, aka buga. Ashe a cikin rahoton an juya wata lamba, kuɗin gina rijiyoyin burtsatse da ya kamata ya zama naira miliyan 13 ya fito miliyan 31. Kashegari jami'in watsa labarai na ƙaramar hukumar ya bugo wa editanmu waya ya yi ƙorafi. Edita ya ba shi haƙuri, ya yanke shafin da almakashi, ya jefa a aljihun teburinsa. Ni kuwa kullum sai na gaishe shi, "Ranka ya daɗe, barka da asuba," ya amsa da fara'a, bai taɓa ce mini kome ba.

Wata biyar bayan haka albashi ya maƙale, muka haɗu mu shida muka rubuta takardar neman haƙƙinmu, sunana na biyu a jeri. Ba a yi mako ba sai ga takardar tuhuma, an maƙala mata shafin nan da ya riga ya soma ja don tsufa, an ba ni sa'a 24 in yi bayani. Na koma gida na zazzage ɗakina ina neman littafin da na ɗauki rahoton a ciki, ban gan shi ba. Muryar da na ɗauka a waya kuwa na daɗe da sharewa don in sami wurin wata. Har yau da nake wannan rubutu ban san wanda ya juya lambar nan ba. Ko ni ne, ko wanda ya karanta jawabin ne, ko mai buga rubutu a kwamfuta ne, Allah kaɗai ya sani. Aka dakatar da ni mako biyu ba albashi.

Ba dakatarwar ce ta fi ci mini rai ba. Abin da ya fi damuna daga baya shi ne, cikin wata biyar ɗin nan ba a taɓa buga gyara ba. Mutanen wannan ƙaramar hukuma sun zauna da zaton an ware musu miliyan 31, wataƙila har suna zargin wani bawan Allah da cinye miliyan 18 da ba a taɓa warewa ba. Kuskuren ya fi amfani ga edita a aljihun tebur bisa ga a gyara shi.

DUTSE

Wanda aka yi wa haka, darasi ɗaya yake koya, watau ɓoyewa. Su ma Amurkawa sai da suka binne mutane kafin su gane wannan.

Ran 1 ga watan Disamba na 1974, jirgin kamfanin TWA samfurin Boeing 727 ya nufo Washinton cikin iska da hazo, aka karkatar da shi zuwa filin Dulles. Mai kula da jirage ya ba shi izinin tunkarar fili. Matuƙan suka ɗauka wannan izini yana nufin suna iya saukowa nan take zuwa ƙafa 1,800, shi kuwa mai ba da izinin yana ganin kula da tsayi ya rage nasu har sai sun wuce duwatsu. Jirgin ya daki wani dutse a jihar Bajiniya, mutum 92 da ke ciki babu wanda ya tsira. Da aka shiga bincike sai aka gano abin da ya fi haɗarin tayar da hankali. Ashe mako shida kafin wannan rana, wani jirgin kamfanin United ya yi irin wannan rashin fahimta a daidai wurin nan, ya tsallake dutsen da ƙyar. Matuƙansa sun kai rahoto ga kamfaninsu, wanda ke da tsarin karɓar irin wannan labari ba tare da hukunta mai kawowa ba, kamfanin kuma ya gargaɗi matuƙansa. Amma babu hanyar da gargaɗin zai bi ya isa ga matuƙan sauran kamfanoni.

Wannan ne ya sa a cikin 1976 aka kafa wani tsari na ƙasa baki ɗaya, inda matuƙi ko mai kula da jirage ko makaniki zai rubuta kuskurensa da hannunsa ya aika. Da yake an san babu mai kai kansa ga wanda ke riƙe da bulala, sai aka damƙa aikin ga NASA, hukumar binciken sararin samaniya, wadda ba ta da ikon hukunta kowa. In rahoto ya iso, sai a yage ɓangaren da ke ɗauke da sunan mai aikowa a mayar masa ya zama rasiɗinsa, sauran labarin kuwa a goge duk abin da zai nuna ko wane ne, a zuba shi cikin taskar da kowa ke iya karantawa. Wanda ya aika cikin kwana 10, in har kuskuren ba da gangan ba ne, ba aikin laifi ba ne, bai kai ga haɗari ba, kuma ba a same shi da saɓa doka cikin shekara biyar da suka wuce ba, to ko an tabbatar ya kauce ba za a ci shi tara ko a dakatar da lasinsa ba. Rahotannin da aka tara ta wannan hanya sun daɗe da haura miliyan. Shi ya sa matuƙin da aka ba lambar tarho, abu na biyu da yakan yi bayan bugawa shi ne ya zauna ya rubuta wa NASA.

Ni ma ina da nawa dutsen, ko da yake ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Kimanin shekara guda bayan dakatarwar nan, na rubuta wata 'yar sanarwa cewa za a tantance 'yan fansho na wata jiha. Ranar Alhamis aka sa, ni kuwa na rubuta Talata. Na lura da kuskuren da daddare, jarida ta riga ta shiga inji. Da na buga wa edita waya a lokacin, da akwai abin yi, ko a tsayar da sauran bugun, ko a roƙi gidan rediyo ya sanar da safe. Na ɗauki wayar, na tuna da aljihun tebur, na aje. Na ce wa kaina ai 'yar sanarwa ce a shafin ciki, wa zai gani?

Ranar Talata da la'asar mai gadi ya leƙo ya ce wani tsoho na sallama da wanda ya rubuta labarin fansho. Na fita na tarar da dattijo mai furfura, da 'yar jakar takardunsa a hammata, da jaridarmu a ninke a hannu. Tun asuba ya baro ƙauyensu, ya ranci kuɗin mota, ya isa sakatariya aka ce masa sai jibi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ne. Kuskurena ne, a gafarce ni." Ya dube ni ya ce, "Yaro, ban zo faɗa ba. Na zo ne in gaya muku ku gyara, don ba ni kaɗai ba ne, mun fi ashirin a ƙofar can." Ya ce ba shi da kuɗin komawa ya sake dawowa, a tasha zai kwana biyu. Na ba shi abin da ke aljihuna, ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah. Tsohon nan, wanda ya fi kowa ikon zagina, shi ne mutum na farko a aikina da ya gaya mini kuskurena a ranar da ya gan shi, a gefe, ba tare da wulaƙanci ba, kuma don a gyara.

GYARA DA HUKUNCI

Kada mai karatu ya ɗauka tsarin Amurkawa lallashi ne tsantsa. Sufeton da rahoto ya je hannunsa yana da matakai iri-iri: ya rufe maganar, ko ya yi wa matuƙi nasiha, ko ya tura shi ƙarin horo, ko ya sa a sake jarraba shi, ko a dakatar da lasinsa, ko a soke shi ɗungum. Tun daga 2015 hukumar ta shimfiɗa manufa cewa kuskuren da aka yi ba da niyya ba, mai shi kuma ya yarda a gyara shi, da horo za a bi shi. Ganganci da taurin kai da ƙarya kuwa, bulalarsu na nan.

Misalai biyu sun isa. A watan Fabrairu na 2017, shahararren ɗan wasan sinima Harrison Ford, yana da shekara 74, ya zo sauka da ɗan ƙaramin jirginsa a wani fili a Kalifoniya. Maimakon titin da aka ba shi, sai ya sauka a ƙaramar hanyar da jirage ke gangarawa a kanta kafin su hau babban titi, ya ratsa ta kan wani jirgin fasinja mai ɗauke da mutum fiye da 100. Aka ba shi lamba kamar kowa. Da ya buga, da bakinsa ya gabatar da kansa a matsayin sakaran da ya sauka inda bai kamata ba. Aka yi bincike, ya yi horon da aka nema, aka bar masa lasinsa. Amma a watan Oktoba na 2009, matuƙa biyu na kamfanin Northwest da suka taso daga San Diyego suka shagala da kwamfutocinsu na hannu, aka yi fiye da sa'a guda ana kiransu ba su amsa ba, har suka wuce Miniyapolis, inda za su sauka, da fiye da mil 100. Waɗannan ba a yi mako ba aka soke lasinsu.

Tsoron lambar nan kuma bai gushe ba, don lauyoyin matuƙa har gobe suna gargaɗinsu cewa duk abin da suka faɗa a tarhon ana iya kafa hujja da shi a kansu, su yi ladabi, su taƙaita. Hasali ma sai da wani ɗan majalisar dattawa mai tuƙa jirgi, marigayi James Inhofe, ya sauka a titin da aka rufe a jihar Tekzas cikin 2010, ya ɗanɗana binciken da kansa, sa'an nan ya tsaya kai da fata har aka yi doka a 2012 wadda ta wajabta a sanar da matuƙi cewa ana bincikensa, a kuma ba shi damar samun faifai da bayanan rada. Ashe ko a can ma, sai ƙaya ta soki babba ake share hanya.

Mu ma nan gida sararinmu da irin wannan rabon aiki yake tafiya. Hukumar NAMA ke da masu kula da zirga-zirga, waɗanda da yawansu Kwalejin Jiragen Sama ta Zariya ta horar, hukumar NCAA ke ba da lasin da ladabtarwa, hukumar NSIB kuma ke binciken haɗari. Ƙa'idar duniya da muka sa wa hannu ta ce manufar binciken haɗari ita ce hana aukuwar wani, ba neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Mun kuma san abin da ke faruwa in tazarar nan ta tsakanin jirage ta rushe. Ran 7 ga watan Nuwamba na 1996, jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Fatakwal zuwa Ikko ya yi kaucewar gaggawa don kada ya yi karo da wani jirgi, ya ƙwace wa matuƙinsa, ya faɗa ruwa kusa da Ejirin. Mutum 144 suka halaka, cikinsu har da Farfesa Claude Ake. Duk wani ɗan kuskure da aka faɗa aka gyara tun bai girma ba, wata rana irin wannan ce aka kawar.

Yanzu shekaru sun tura, ni ma an ba ni tebur mai aljihu, da yara uku masu kawo mini rahoto in duba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani, kuma na ga gaskiyar wannan a kaina. Akwai ranar da ɗaya daga cikinsu ya rubuta sunan wani hakimi ba daidai ba, na ɗaga murya na karanta kuskuren a gaban kowa, aka yi dariya. Wata guda cur yaron nan bai ƙara tambayata kome ba, alhali da kullum yana bakin teburina. Na san abin da shirun nan ke nufi, domin na taɓa yin irinsa. Na kira shi na ba shi haƙuri.

Tun daga daren da na ji muryoyin nan biyu na ɗaukar wa kaina wasu ƙa'idoji. In na ga kuskure, a ranar nake faɗa, tun littafin ɗaukar rahoto na hannun mai shi. Ba na faɗa ana tsakiyar haɗa shafi, sai an sauke aiki, in ja shi baranda mu biyu. Nakan fara da cewa, "Mai yiwuwa akwai kuskure a nan, ɗauko littafinka mu duba," kuma sau biyu ke nan ana dubawa ana tarar ni ne na juya abin wajen gyara. Wanda ya kawo kuskurensa da kansa kafin in gani, ba ya jin kome daga gare ni sai godiya. Wanda ya ƙaga labari kuwa, ko ya karɓi kuɗi ya murɗe gaskiya, wannan ba maganar baranda ba ce, gaban edita za mu.

Ban ce na iya ba. Ran da aiki ya yi zafi har yanzu harshena kan riga hankalina. Amma aljihun teburina, in mai karatu ya zo ya buɗe, zai tarar da alƙaluma da ganyen shayi da cajar waya, ba zai tarar da yankakken shafin kowa ba. Ina roƙon malaman makaranta da shugabannin ofisoshi da manyan asibitoci da iyayen gida a kasuwa, kowa ya buɗe nasa aljihun tebur ya duba abin da ya ajiye yana jiran ranar da zai yi amfani. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba mu ikon faɗar gaskiya a kan lokacinta, ya kuma ba mu ikon karɓarta in an faɗa mana, amin.